Farar Ƙasa a Bangon Asibiti

Ka ce jibi manya za su zo duba asibitinku, shi ya sa kake yawon neman fenti. To, ajiye bokitin nan ka zauna in ba ka misalin wani mai gari, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Ƙauyensu a bakin rafi yake, suna da ɗan asibitin sha-ka-tafi wanda suna kawai ya rage masa. Kwano ya ɓule, jemagu sun cika rufi, ɗakin haihuwa kuwa awaki ne ke haihuwa a ciki. Ma'aikacin da aka turo musu sai ran kasuwa ake ganinsa, shi ma in babur ɗinsa ya ga dama. Daga damina zuwa damina mata shida suka rasu a kan gwiwa. Ana nan sai ga saƙo cewa likitoci daga birni za su zagaya ƙauyuka, inda suka tarar an fi shan wuya nan za a ajiye malamar asibiti mai karɓar haihuwa ta zauna dindindin, da magunguna, da firij mai aiki da hasken rana. Duk wannan bayani, abu ɗaya ne ya shiga kunnen mai gari: baƙi za su zo. Shi kuwa a gidan da ya tashi, ko da yunwa aka kwana ba a barin baƙo ya gane.

Sai ya kira gayya. Aka kori awaki, aka kankare kashin jemagu, aka shafe bango da farar ƙasa ciki da waje. Aka aro gadon ƙarfe da katifa daga ɗakin wata amarya. Aka je wurin mai kemis a kasuwa aka roƙo kwalayen magani, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, aka jera su reras a kan kantar magani. Aka nemo ma'aikaci aka sa shi ya wanke farar rigarsa. Sannan mai gari ya sa aka yi shela: mai tari, mai gyambo, mai kumburin ƙafa, kowa ya zauna a ɗaka, kada wanda ya kunyata gari. Tsohuwar ungozoma, wadda matan nan shida suka cika a hannunta, ta rantse sai ta yi wa baƙi magana. Ya tura ta bayan gida tuƙa musu tuwo, ya sa matansa su tsare ta da hira. Kai, wauta ma wani lokaci da babbar riga take yawo!

Baƙi suka zo, suka ga gado, suka ga kwalaye, suka ga fari tas. Shugabarsu, wata likita mai haƙuri, sau uku tana tambaya, “Ranka ya daɗe, ba ku da wata damuwa?” Sau uku yana amsawa, “Sai alheri, mun gode Allah.” Suka rubuta, suka ci tuwo, aka bi su da ƙwan zabi har mota. Da suka haye rafi zuwa ƙauyen da ke tsallake, mutanen can ko tsintsiya ba su ɗaga ba. Ɗakin da ke yoyo suka nuna musu, daga nan suka ja su har maƙabarta suna nuna sababbin kaburbura. Da labari ya iso wa mai gari, dariya ya yi, wai mutanen tsallake ba su gaji kunya ba. Bayan wata biyu malamar asibiti da firij suka sauka a tsallake. Amarya ta karɓi gadonta, awaki suka dawo ɗakinsu.

Tsakiyar damina 'yar mai gari ta fari ta zo gida goyon ciki. Ita ce wadda tun haihuwarta bai taɓa kama sunanta ba saboda kunyar ɗan fari, amma duk gari an san ita ce ransa. Da hantsi ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Ungozomar nan da ya tura tuƙa tuwo ta fito hannu jina-jina, ta dube shi ido cikin ido ta ce, “Allurar da ke tsayar da shi tana can tsallake, cikin firijin da ka kora.” Aka ɗora yarinya a amalanke, suka wuce ta gaban asibiti, bango fari ƙal, ciki wayam. Suka isa rafi suka tarar ya kawo, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa, ba mai iya shiga. Ga rufin asibitin tsallake can yana ƙyalli a rana, ana ganinsa sarai. Mai gari ya durƙusa cikin taɓo ya kama hannunta, ya ji yana sanyi. A nan ne, gaban jama'a, ya buɗe baki ya kira sunan da ya shekara ashirin yana ɓoyewa: “Barira! Barira!” Ba ta amsa ba.

Ba rafi ne ya kashe ta ba, kada kowa ya ɗora wa rafi. Wanda ya zo da magani ya tambaye shi inda ke ciwo, shi kuma ya nuna masa bango mai farar ƙasa. Saboda haka jibi ka bar fenti a gwangwaninsa. Kai manyan ɗakin da ke yoyo, buɗe musu kantar magani su ga ƙura, ka sa ungozomarku a gaba ta faɗi abin da ta gani. Ai Hausawa sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.