Dogo a Rugar Arɗo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta.

An yi wani saurayi mai suna Tasi'u, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga zaure, yana karatun lafiyar dabbobi a wata kwaleji. Da zangon koyon aiki ya zo, aka tura shi da abokansa biyu wani ƙaramin asibitin dabbobi a bakin daji. A lokacin ciwon huhu ya fara kayar da shanu a tsallaken kogi. Likitan wurin ya ba su allurar rigakafi, ya nuna musu hanyar wata ruga, ya ce sai sun yi wa garken nan allura zai shaida wa makaranta sun koyi aiki. Ba shaidarsa kuwa, ba a yaye ɗalibi.

Suka isa da fararen rigunansu. Daga tsaye suka yi sallama, babbansu ya tambayi Arɗo, shugaban rugar, shanunsa nawa, don a san yawan maganin da za a buɗe. To, makiyayi ba ya faɗin adadin dukiyarsa, kamar yadda uwa ba ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo. Arɗo ya dubi ƙasa, ya ce shanun sun tafi kiwo, alhali ga su nan kwance suna tuƙa. Abokan suka juya cikin fushi, suna cewa mutanen nan ba sa son taimako.

Tasi'u ya kwana da abin a ransa. Washegari ya koma shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya tsuguna a gaban Arɗo har gefen farar rigarsa ya sha kashin shanu. Ya gai da shi, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa da ciyawa. Aka kawo nono a ƙwarya, ya sha. Bai ta da zancen allura ba. Haka ya yi ta zuwa, abokansa na yi masa dariya, suna cewa duk tsawon nan da bokon nan ya ƙare a tsugunno. Abin yana yi masa ciwo, ga kwanaki na tafiya, amma bai fasa ba. Wata safiya ya nuna wata jar saniya mai karyayyen ƙaho, ya tambayi sunanta. Arɗo ya yi murmushi, ya faɗa, ya faɗi na uwarta da na kakarta. Ya miƙe, ya ce wa Tasi'u ya fito da allurarsa, ya riƙa kiran shanun ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ji sunanta ta taho, yana dafe da wuyanta Tasi'u na soka allura. Ciwon ya zo ya wuce, ko maraƙi bai faɗi a rugar nan ba. Likita ya shaidi Tasi'u, ya kuma sa shi ya koma da abokansa wata ruga, su ma su koyi tsugunno.

Ranar yaye ɗalibai, Tasi'u na cikin rigar biki, mahaifiyarsa na share hawaye da bakin mayafi, sai ga wani tsoho da malfa da sanda yana ratsa taro, riƙe da ƙwaryar man shanu. Tasi'u ya hango shi, ya gane Arɗo ne, ya tattare rigar ya tsuguna a gaban kowa. Arɗo ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Tashi, ɗana, yau ranar tsayuwarka ce. Jar nan ta haihu, namiji. Dogo muke kiransa."

Tasi'u ya miƙe, ya fi kowa tsawo a filin. Shi ya sa Hausawa ke cewa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na ajiye ta.