Furen da Ke Kashe Dawa

Malam, ka tambaye ni sunan furen nan mai ruwan hoda da ka gani a bakin hanya, ka ce za ka rubuta. To zauna, don sunansa ba ɗaya ba ne. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, abin da na sani daga bakin maigidana na ji shi, Allah ya jiƙansa. Yakan ce ƙuduji shi ne sunan yanka, ba ya gaya maka komai. Sauran sunayen kuwa halinsa ne ya jawo masa. Ana ce masa wuta-wuta, don dawar da ya kama sai ganyenta ya yi ja ya ƙeƙashe kamar an bi ta da wuta, ko da ana tafka ruwan sama. Ana ce masa makasar dawa, kuma makasa a bakin maharba ita ce wurin da in an sami dabba ba ta sake tashi. Shi ma can yake kamu, a saiwa, cikin ƙasa, tun ido bai gan shi ba. Ranar da furen ya buɗe, ya riga ya sha jinin dawa, abin da ya rage masa sai zuba iri.

Maigidan ya yi jinya shekara biyu, gona ba ta sami hannu ba. Da ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu. Na fita takaba ana tsakiyar damina, na je na tarar furen nan ya rufe gonar, ta yi kyau kamar an shimfiɗa sabuwar atamfa, dawa kuwa ko ƙuguna ba ta kai ba. Dami uku muka ɗaure a shekarar. Ƙaninsa ya zo ya ce, "Matar yaya, ƙasar nan ta mutu. Ki haƙura da ita, a raba yaran cikin dangi." Na ce a ba ni damina uku. Shi a tasa gonar yakan bar furen ya bushe, sannan ya sa fartanya ya nome ya tara a kan kunya, iska ta watsa irin, wanda ya fi yashi ƙanƙanta. A ganinsa ciyawa ce kamar kowace ciyawa. Ni kuwa da hannu nake tuge shi da zarar ya fara fure, in cusa a buhu, in fitar da shi bayan gona in ƙone. Damina biyu ban shuka dawa ba sai gyaɗa, don a gindin gyaɗa yakan tsiro ya rasa saiwar da zai kama ya mutu, wanda ya kama saiwar ciyawa ya fito kuma in tuge shi. Tokar murhu da kashin awaki duk a ka na kai su. Mata in sun wuce sai su ce, "Sannu da aiki, mai noman fure!" In amsa, in ci gaba da tuga, bayana kamar ya tsage.

Damina ta uku na shuka dawa. Malam, sai da ta rufe kan mai tsawo. Dami arba'in da biyu na ɗaure, rumbun marigayi ya cika har aka gina na biyu. Ƙanin nan ya zo ya daɗe yana kallon zangarku, can ya ce, "Buhun nan da kike zuba furen, kina da wani?" Na ba shi biyu. Yarana huɗu a tukunya ɗaya suka ci tuwo har suka girma, ba wanda aka kai gidan kowa. Saboda haka in za ka rubuta, kada ka tsaya a kan ƙuduji mai kyan fure, ka sa sauran sunayen duka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sanin hali ya fi sanin kama.