Sunan da Ya Makara

"Meyo," in ji lauyar. Kalmar Sinanci ce da 'yan kasuwar Shahe ke sallamar mai ciniki da ita: babu.

Alhaji kuwa ya zo da sunan mai jakar a bakinsa, jakar da aka kama ƙaninsa da ita a filin jirgi, da ƙwaya ɗinke a ciki, har aka ɗaure shi.

Tafinta ya fassara masa sauran. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce tuntuni. Koken da suka shigar bara an yi watsi da shi, ba kuma za a saurari wani ba sai da sabuwar hujja.

"Ai ga ta na kawo!"

"Ta ce yaushe ka san sunan?" in ji tafintan.

Ya sunkuyar da kai. Tun ranar farko ya sani. Amma mutumin surukinsa ne, wanda ya ba shi 'ya, ya ɗora shi a harkar sayo jakunkuna daga garin Shiling. Ko a gida bai taɓa kama sunansa ba, balle a gaban alƙali. Sai da aka binne surukin a Kano makon jiya bakinsa ya buɗe.

"To Alhaji, ta ce abin da ka sani ka ɓoye ba sabo ba ne. Kuma mamaci ba ya ba da shaida."

Ya miƙe zai fita. Lauyar ta ƙara magana tana tattara takardu.

"Wai ku akwai taurin kai. Shi ma ƙanin naka, babu irin tambayar da ba a yi masa ba, ya ƙi faɗin wanda ya miƙa masa jakar."

Alhaji ya dubi hannunsa na dama, wanda ya miƙa jakar da shi, ya cusa shi a aljihu.