Hannun Aro

Auwalu ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya shigar da lambar Gide da kalmar sirrinsa. Shafin jami'a ya buɗe, gwajin wannan makon ya fito, agogon da ke saman shafin ya fara cin lokaci.

Bai tsaya karanta tambayoyin har ƙarshe ba. Yana latsa amsa yana wucewa. Da ya kusa gamawa sai ya koma baya, ya ɓata biyu da gangan, don kada makin ya yi kyawun da zai jawo ido.

Gide na kwance a gefensa, a ɗakin da mai ɗori ya ba su a cikin garin Ƙanƙara. Hannuwansa duka biyu a ɗaure suke da karare, kansa kuma tun ranar da ya faɗi bai daina sara ba, ko hasken waya ba ya iya kallo.

Gide ɗan ƙauyen Pauwa ne, yana karatun jami'a daga gida. Darasi ta waya, aikin gida ta waya, gwaji ma haka. Malamai da ɗalibai ba wanda ya san fuskar wani. Ƙa'idar shafin ba ta da sassauci: wanda gwaji ya yi ta wuce shi ba zai zauna jarrabawa ba, sai baɗi.

Ranar da abin ya faru, sabis ya ɗauke a Pauwa tun safe. Da ƙyar Gide ya samu ya tura wa malamin darasin, wanda ɗalibai ke kira Dokta, saƙon roƙon a ɗaga masa zuwa gobe. Amsa ta zo a taƙaice: shafi zai rufe da la'asar, kowa ma yana da uzuri. Sai Gide ya ari babur, ya kama hanyar Ƙanƙara cikin ruwan sama don neman sabis. A wani kwazazzabo babur ya kwashe shi.

Bayan 'yan kwanaki Auwalu ya yi sallama a ƙofar ɗakin, riƙe da ledar lemo. Ya ce daga makarantar su Gide yake, ya ga labarin a zauren ɗalibai. Tun daga nan duk ranar gwaji sai ya zo, takalmansa cike da taɓo, alamar doguwar tafiya.

Inna Fatsuma, mahaifiyar Gide, ta shigo da kwanon fura ta ajiye a gabansa.

"Sha, Malam Auwalu. Kai ɗan halak ne. Shi ko wancan Dokta, na bar shi da Allah. Yaro ya roƙe ka kwana ɗaya tal, mi za ya rage ka da shi?"

Auwalu ya ɗauki ludayin, ya juya furar, ya ajiye. Kullum haka take yi, kullum kuma haka yake barin furar bai sha ba.

Da ta fita, Gide ya juyo da kai a hankali.

"Nawa muka samu?"

"Mai kyau ne. Kana cikin na gaba-gaba."

Hawaye ya gangaro wa Gide zuwa kunne, ba hannun sharewa. Auwalu ne ya sa gefen hannun rigarsa ya goge masa.

"Yaya Auwalu, abin nan ya hana ni sukuni. Makin nan ba nawa ba ne. In na warke na amshi takarda da shi, haram zan ci har in mutu. Kai ma na jefa ka cikin zunubi."

"Ba kai ka jefa ni ba."

"Ka rubuta ma Dokta. Ka hwaɗa mashi gaskiya, wani ke yi mani. Kada ka sa sunanka, kada su kore ka. Ka ce in ya ga dama ya soke duka, na yarda. Ka kuma ce ya yi haƙuri da damunshi da na yi rannan."

"Gide, bari sai ka ji sauƙi."

"Don girman Allah, yanzu."

Auwalu ya buɗe akwatin saƙon da ke shafin. Ya rubuta duk abin da aka faɗa masa, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya karanta wa Gide, har wurin neman afuwar.

"Tura," in ji Gide.

Ya tura. Gide ya sauke ajiyar zuciya, ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji.

A cikin aljihun Dokta Auwalu, waya ta yi ƙara: saƙon ya iso.