Jatau Shi Kaɗai a Jirgin Mutum Huɗu

Tunda ka ce jikinka naka ne, babu mai hana ka fita shago da tarin nan, gyara zama in ba ka misalin wani masunci.

A wata tungar masunta da ke bakin kogi an yi wani mutum ana ce masa Jatau, ƙaƙƙarfa ne, ga taurin kai. Ko gaishe shi ka yi sai ya nemi inda zai yi maka gardama. Su huɗu suke fita su, kowa da abin da ya kawo: ɗaya na da jirgin, ɗaya na da filafilan tuƙi, wani dattijo ba shi da komai sai ƙwaryar kwalfe ruwa, don jirgin yana yoyo. Jatau kuwa shi ne mai taru, babbar komar nan da sai an haɗa ƙarfi ake jawo ta. Saboda tarun nan yake ganin sauran ukun 'yan rakiya ne kawai.

Ana nan sai annobar tari da zazzaɓi ta shigo ƙasa, daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa. Kowane masunci ya san wannan lokaci. Kifi kan taru a gurabe kamar kwana goma sha biyu, kuma abin da aka kama aka banda a kwanakin nan shi gida zai ci har damina. Sarkin Ruwa ya tara mutane ya ce duk wanda ya ji tari ya zauna gida mako guda, abokan jirginsa su kai masa rabonsa har ƙofa. Ina dokar da ta fi wannan daɗi, ka kwanta kifi ya zo ya same ka? Amma Jatau bai ji kifin ba, kwanciyar ya ji. Washegari ya tashi maƙogwaro na ƙaiƙayi, jiki da ɗumi. Matarsa Ige ta ce, "Maigida, ka zauna mana." Ya ce, "Ni ɗa ne, ba bawa ba. Tarina nawa ne, a ƙirjina yake, bai shiga gonar kowa ba." Ya saɓi taru ya yi bakin kogi.

A jirgi, in tari ya taso masa sai ya ɗaga murya da waƙar jan taru ya binne shi a ciki. Da dattijo ya dube shi, sai ya ce ai taba ce ta sarƙe shi. Suka wuni kafaɗa da kafaɗa a kan igiya. Da rana ta take aka dama fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya ya zaga su huɗu kamar yadda suka saba, kuma gogan naka ne ya fara sha.

Shi da yake jikinsa kamar kututturen kirya ne, kwana uku ya wartsake. Ranar da ya miƙe, ranar mai jirgi ya kwanta. Kashegari mai filafilai ya bi shi. Dattijo kuwa sai da aka fara kiran 'ya'yansa daga nesa.

Jatau ya iso bakin kogi ya tarar da 'yanci iya ganin ido. Babu mai ce masa zauna, babu mai ce masa tashi, ga kifi yana tsalle har cikin ciyayi. Ya nemi masu taya shi a sauran jirage, kowa ya ja hula ya rufe hanci, don labari ya riga shi isowa. Ya koma ya ce Ige ta zo ko ƙwarya ta riƙe masa. Ta ce, "Ayya Maigida, ni ma bayana nawa ne, kuma yau hutawa yake so."

Sai ya tura jirgi shi kaɗai. In ya kama filafili, ruwa ya cika jirgi. In ya kama ƙwarya, kogi ya tafi da shi. Ya ajiye duka biyun ya zuba taru, ya ɗaura bakin igiya ɗaya a ƙugunsa, ɗaya bakin kuma babu mai riƙewa. Taru ya cika da kifi har yana rawa. Jatau ya ja, taru ya ja, kuma ka san wanda ya fi yawa shi ke da rinjaye. Mata masu wanki suka ga jirgi yana juyi kamar dutsen niƙa na inji, sai kuma suka ga tafin ƙafa biyu a sama. Da ƙyar ya kwance igiyar ya fito da ransa, babu taru, babu wando, sai ƙwaryar dattijo da ya kife a gaba.

Kafin mutanensa su miƙe ruwa ya gama janyewa, kifi ya watse. Gidaje huɗu suka shiga rani da ragar banda babu komai a kai. Abin da ya fi cin Jatau ba yunwar ba ce, kunya ce. Ya je mayar da ƙwarya, ya tsaya bayan zana ya yi sallama. Dattijo, da muryar da ba ta fi zare kauri ba, ya ce, "Jatau ne? Lafiya lau, Allah ya kiyaye. Da ka kwana bakwai a ɗaka, da mu uku mun ja maka tarun. Yanzu ga shi kai ɗaya ka kasa ja mana."

Jatau, mai amsar kowace magana, ya ajiye ƙwaryar a gindin zana ya juya gida.

To, ka ji. Je ka kwanta har tarin nan naka ya wuce, shagonku ba zai gudu ba, kuma gobe kana buƙatar waɗanda kake shirin yi wa tari a fuska. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.