Rumbun Iri na Sarauniya

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai ɗaukar magana a bakin hanya. Kun ji an zagi wanda ya mutu, ku ma ku taya, ba ku tambayi abin da ya yi ba. To, ku rufe baki ku ji.

A wani gari an yi wata sarauniya wadda ta tarar mutanenta suna cinye hatsinsu kaf da rani, damina ta faɗi su rasa abin shukawa. Sai ta kafa doka: kowace unguwa ta gina rumbun iri, kowane gida ya zuba zangarniya mafi kyau, a liƙe baki da laka. Ba biki ba suna, ba mai fasa shi sai an yi ruwan shuka. Ƙaninta ya taɓa rumbun, ta tuɓe masa rawani. Wani maroƙi ya zo ya yi ta kiɗa, yana so a ɗiba masa daga ciki, ta ba shi riga ta hana shi hatsi. Ya fita ya yi mata zambo, wai marowaciya ce mai kulle abinci yara na kuka. Waƙar ta yi daɗi a kunne, har ta fi sarauniyar tsawon rai. Wanda ya gaje ta ya ji tsoron bakin maroƙa, ya sa aka fasa rumbunan aka yi shagali.

Amma a unguwar maginan tukwane akwai wata tsohuwa da ta ga yunwa tun kafin dokar, ta kuma ga ƙoshi bayanta. Ita ba ta fasa nasu ba. Duk kaka tana kwaɓa laka ta liƙe, jikokinta na rera zambon a gindin rumbun, tana jin su, hankalinta kwance. Ana nan fara ta sauka ta share gonaki, aka ci na ci aka ci na iri. Da ruwa ya dawo, ƙasa ta jiƙu, duk garin ba ƙwayar shukawa sai a rumbunta. Ta fasa ta raba, ba gori. Maroƙin ma ya zo, ya tsufa, ya riga ya jiƙa fatar gangarsa ya dafa wa iyalinsa. Ta cika masa ƙwarya, ta ce, "Ungo, na marowaciya ne. In an yi girbi ka zo."

Da kaka ta yi, sai maroƙin ya zo. Hannun da ya yi kiɗan zambo shi ya kwaɓa laka, ya yi ta ɗauka a ka, sai da aka tayar da kowane rumbun da aka fasa, gari na kallo. Tsohuwa na zaune a inuwa tana shan kunun sabon gero.

Dama Hausawa sun ce ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.