Sunana a Bakin Inna

Tun da aka kafa dokar, ƙofar asibiti ba ta buɗe wa yarinyar da ta zo a cire mata ciki sai uwa ko uba ya faɗi sunanta. In ƙofar ta gaji da jira, da kanta take kiran wayar uban.

Ni ce 'yar farin Inna. Saboda kunya ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Na amince a cire wa yarinyar nan," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba a ji suna ba," ƙofar ta ce. Fitilarta ta koma ja.

"Inna, don girman Allah! Baba za ta kira. Ƙaninsa ne ya yi min, kin kuma san wanda zai gaskata."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Matan da ke layi suka zuba mana ido. Lambar Baba ta fara fitowa a jikin ƙofar.

"Lubabatu," in ji Inna.

Ƙofar ta buɗe. Na girma ina marmarin jin sunan nan a bakinta, amma wallahi ba a nan ba.